Ƙarfen Taya na Huɗu

"Sannu da zuwa, gwanar sayayya! Ashe kin dawo? Na ɗauka 'yan kasuwar sun haɗa da ke sun sayar."

"Yawwa, tsoho. Kai ma kana nan? Na ɗauka zan tarar an zo daga gidan tarihi an ɗauke ka."

Haka Orval Pruitt da jikarsa Corinne suka gaisa ranar Laraba da hantsi, ina zaune bakin garejinsa ina shan kofi. Shekara talatin muna maƙwabtaka a nan Ohio, ban taɓa jin sun gaisa da daɗi ba.

Da ƙuruciyarsa Orval bakanike ne a wurin Haldeman, dillalin motoci. A 1969 sukan karɓo mota ƙirar Camaro daga kamfani, su sauke injinta su ɗora ƙato, su sa mata rim, wato ƙarfen taya, mai yatsu biyar. Guda goma sha huɗu kawai suka yi, ɗaya tana garejin Orval. Ranar Asabar akwai gasar tsofaffin motoci, kuma ita ce ta ƙarshe da zai shiga, don idonsa ya yi rauni, likita ya ce ya ajiye tuƙi bana. Matsalar ita ce rim uku ne na asali a motar, na huɗun ba nata ba ne, alƙalan gasar kuwa har durƙusawa suke yi da tocila. Shi ya sa Corinne ta yi tuƙin awa shida zuwa wata kasuwar kayan gyara a Pennsylvania.

Ta sauko da rim ɗin daga bayan akori-kurarta ta dire a gabansa.

"Ga shi nan. Ka gode min kafin ka manta sunana."

Orval bai ko nemi tabarau ba. Ya bi ƙarfen da yatsa, ciki da baki.

"Ja'ira, ai wannan jiya aka haife shi. Ko haƙori bai yi ba."

"Mai shi ya rantse min daga motar Haldeman aka cire shi."

"Ya rantse? To shi ke nan, sai mu kai wa alƙalai rantsuwar. Kawo hannunki. Kin ji waldar nan? Sumul. Aikin inji ne. Tamu gargada gare ta."

"Kamar fuskarka."

"Kamar tuƙinki. Duba kusa da ramin bawul. Namu da guduma aka buga musu wata da shekara, lambobin duk a karkace. Na wannan fa?"

Corinne ta sunkuya ta duba, ta je ta duba na jikin motar, ta dawo.

"A jere suke kamar sojoji," in ji ta.

"Jabu ne. Makaho ya gane, mai ido biyu ta ɗauko."

Ya yi maganar yana dariya, amma na ga ya juya yana kallon motar. Kwana uku suka rage, kuma babu inda za a sami wani.

"To tsaya," in ji Corinne. "Ni dai na sayo jabu. Kai da aka ba na gaske, ina ka kai shi?"

"Rami na faɗa a 1974."

"Rami? Kaka Bernadine ta ce tsere kake yi da ɗan mai wanki, ka hau dakalin coci."

"Allah ya jiƙan kakarki, ba ta san mota ba."

"Tana cikin motar."

"Idonta a rufe yake, ihu kawai take yi. Bakin rim ɗin ya lanƙwashe, na ce ta jefar da shi, magana ta ƙare."

"Ta jefar? Matar da take wanke ledar burodi ta shanya?"

Orval ya ture jabun rim ɗin gefe. Ita kuwa ta dubi hannuwanta da suka yi baƙi, ta zagaya bayan gida wajen lambun tumatir don ta wanke. Muka ji ruwa na zuba. Sai muka ji ya tsaya.

"Kaka! Lallaɓo ka zo, kar ka karye."

Muka zagaya. A jikin bango akwai ƙarfen da ake naɗe tiyon ban-ruwa a kansa, ya sha koren fenti. Corinne ta warware tiyon ta zubar a ƙasa, tana kankare fentin da makulli.

"Yatsu nawa ka ƙirga, gwani?"

Orval ya miƙa hannu. Ya bi waldar, ya bi bakin da ya lanƙwashe, ya tsaya a kan lambobin. Ya daɗe yatsansa yana wurin.

"Afrilu, sittin da tara," in ji shi a hankali. "Taran ta kwanta. Kai, Bernadine!"

"Shekara hamsin kana ba tumatir ruwa da shi. Kai ne mai gane jabu da yatsa?"

"Fenti ne ya rufe shi."

"Lokacin idonka garau."

"Lokacin ke ko a lissafi babu ke."

"Gobe zan kai shi wurin mai miƙar da rim, jibi a fesa masa kalarsa. Amma sai ka ce: Corinne, kin fi ni sanin mota."

"Gara in shiga gasar da ƙafa uku."

"To bari in mayar da tiyon." Ta sunkuya ta fara naɗewa.

"Ajiye! Ajiye, 'yar nema!"

Ya fashe da dariya har sai da ya dafa bango. Ya laluba aljihu ya ciro makullin motar, wanda ko ubanta bai taɓa riƙewa ba, ya jefa mata.

"Ranar Asabar ke za ki ja mu. Sauran maganar kuwa, sai dai ki ji ta a wasiyya."

Ta cafe makullin ta jefa a aljihu.

"Ba komai, zan jira. Ai ba nisa."