Moton Maigida da Man Gyaɗata

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na yi wa moton maigidana hidima har na kusa kashe mu ba. Shekarar fari ce, wadda sojoji suka karɓi mulki, rediyo ba ya komai sai kiɗan soja da sanarwa. Gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba, mazan Matameye suka kwashe zuwa cirani tun kafin lokaci.

Moton nan babur ne, amma ba irin na 'yan kabu-kabu ba. Ƙato ne, daga Kano maigida ya zo da shi, injinsa duk a waje ba marufi, sai ka ce an tuɓe masa riga. In aka tada shi, har kajin maƙwabta sai sun watse. Da zai tafi, ƙaninsa Lawali ya miƙo hannu don karɓar makulli, sai maigida ya tsallake shi ya ba ni. Ya ce in riƙa tada shi don kada baturi ya mutu, in kuma riƙa shafa wa sarƙa mai.

Lawali ya yi dariya ya ce, "Matata, ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?" (Haka yake kirana, wasan ƙanin miji, amma ranar ba wasa a idonsa.)

Na ce, "Ni na koyi karatu da furfura a kaina, sai ƙarfe ne zai gagare ni? In ya dawo ya tarar da aibi, makullin naka ne har abada."

Kun ji bakina. Shi ya jawo mini.

Sana'ata ƙuli-ƙuli ce, saboda haka mai dai ba ya gagarata. A shekarar da gyaɗa ta zama zinariya, na hana miyar gidana mai, na ba moto. Yara suna cin tuwo da miya garau, sarƙa tana sheƙi. Wata rana ina tura shi inuwa sai na ji ƙafar gaba tana ƙiiii. Na duba, na ga wani faifan ƙarfe mai huji-huji a jikin ƙafar, ya bushe ƙayau, har tsatsa ta fara kama shi. Raina ya ɓaci. Na ce dubi sakacin maza! A gidanmu duk ƙarfen da ya yi kuka, injin markaɗe ne ko ƙyauren ƙofa, mai ake ba shi. Na jiƙa tsumma na mulke faifan gaba, na mulke na baya. Kukan ya tsaya cak. Tun daga nan duk ranar da na shafa wa sarƙa, sai na ba su rabonsu.

Awakina suka fara kewaya moton suna lasa. Na kore su da muciya, ban tambayi kaina komai ba.

Da hadari ya fara haɗuwa, maigida ya dawo, ya dace da sunan 'yar ƙanwata a Kance. Na ce da moto za mu, kuma da rana tsaka, kowa ya gani. Na ci ado, na kafa ɗauri, na aika aka kira Lawali musamman. Maigida ya danna, moto ya tashi bugu ɗaya. Na dubi Lawali na ce, "Ina mai bakin? A zo a nemo aibin mana!" Na haye baya ina ɗaga wa matan unguwa hannu kamar matar gwamna.

Layinmu gangare ne, a ƙarshensa kuma gidan surukata Inna yake. Na ji maigida yana cewa, "Innalillahi! Hadiza, birki!"

Na ce, "To kama mana, ni ce direba?"

Ya matse na hannu, ya taka na ƙafa, moto ko a jikinsa. Muka keta dangar kara, muka bi ta kan shanyar Inna, muka yi karo da rumbunta. Rumbun ya yi zaman 'yan bori. (Alherin farin nan guda ɗaya ke nan: ba ko zangarniya a ciki.) Ni kuwa na tsinci kaina a turken awaki, ɗauri a gabas, takalmi a yamma, zane ina riƙe da shi da hannu biyu.

Unguwa ta cika gidan. Da aka tabbata ba wanda ya karye, Lawali ya durƙusa gaban moto, ya shafa faifan da yatsa, ya sansana, sannan ya lasa. Wallahi ya lasa!

Ya ce, "Yaya, wannan birki ne ko kaskon suya? Saura gishiri da yaji."

Maigida ya juyo a hankali. "Hadiza, me na ce ki shafa wa mai?"

Na ce, "Sarƙa. Amma ka ce kada a shafa wa sauran? Ka faɗa? Abu yana kuka a gabana in zuba masa ido?"

Kafin in gama magana, wata akuyar Inna ta riga ta sa baki tana lasar faifan, mutane kuma sun zube ƙasa da dariya. Inna kaɗai ce ba ta yi ba, tana tsaye tana kallon rumbunta.

Makanike ya wanke faifan, ya zubar da takalman birkin gaba ɗaya, wai sun sha mai sun ƙoshi. Rumbu kuwa ni da yarana muka kwaɓa ƙasarsa. Da rani ya zagayo, da hannuna na kai wa Lawali makulli, don ni ba na magana biyu. Har yau in ya shigo gidan sai ya ce, "Matata, gwiwata tana ƙara, ko da sauran man nan?"

Abin da ya fi ƙona mini rai ba faɗuwar ba ce, man da na hana 'ya'yana ne. Yanzu in abu ya yi kuka a gidana, ƙarfe ne ko mutum, sai na tambayi abin da ke damunsa kafin in ɗauko kwalba.