Kantar Kakana a Ɗakin Karatun Shugaba Bong

Daga bakina na fara jin sunansa, kuma a gindin baho na tsince shi. Ina shekara tara, ranar da matan gidanmu suka taru kwaɓa kimcin hunturu, kabejin da muke jiƙawa da gishiri da barkono mu ajiye, Kaka ta kife jan bahon roba don ruwan gishirin kabeji ya tsiyaye, ta ɗora yatsa a kan rubutun da aka buga a ƙasansa, ta ce, "Ye-sol, karanta mini." Na karanta da ƙarfi: Masana'antar Roba ta Bong Gi-cheol.

"To shi ne zai auri gwaggonki Mal-sun," in ji Kaka. "Bahonsa dai ba ya yoyo. Shi kuma sai mun gani."

Mun kuwa gani, kuma mun gode. Birnin Daegu bai taɓa yin mutum irinsa ba, shi da kansa ya tabbatar mana. Mutum ne mai sauƙin kai: ba ya son a kira shi da komai sai Shugaba, ko a wurin cin abinci, ko matarsa ce za ta ce ya miƙo mata barkono. Shekara talatin yana zuba roba a ƙasar nan. Babu gidan da ba a yi wanka a bahonsa ba. Da ya cika sittin da biyu ya sayar da masana'antar, ya kwana, ya tashi, sai ya gano ashe shi masani ne tun asali, kasuwanci ne ya ɓoye shi.

"Roba," ya ce mana a ranar, yana kaɗa kai cikin takaici, "ita ta kashe ƙasar nan. Mutanenmu sun manta da katako. Sun manta da tawada. Wa ya yi mana wannan ɓarna?"

Kowa ya sunkuyar da kai cikin shinkafarsa. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Masani kuwa sai da ɗakin karatu. Gidansu na hawa na ashirin da uku, kuma ɗakin da ya zaɓa shi ne wanda Gwaggo ke ajiye firjin kimci da igiyar shanya. Aka kori firji zuwa baranda. Aka shigo da kabad-kabad na katako masu maƙallan tagulla, da garmaho mai ƙaho kamar furen kabewa, da tafireta da ba ta da harafinmu ko ɗaya, da agogon bango da ya tsaya a ƙarfe huɗu saura. Gwaggo ta ce a kai shi gyara. Ya ce ba ta fahimci lokaci ba.

Littattafai ma ya yi musu adalci, bai fifita wani kan wani ba. Ya je shagon wani tsoho mai sayar da tsofaffin littattafai, ba da jerin sunaye ba, da awon tela. "Kamu goma sha biyu na ruwan ƙasa," ya ce, "kamu huɗu na baƙi. Wanda bayansa ya fi kodewa shi nake so." Ni na taya jera su, don haka zan iya ba da shaida: Shugaba yana da littafin kiwon alade guda uku iri ɗaya, da kundin lambobin tarho na shekarar da aka haifi yayana.

Tebur kuma na ƙasa ne, irin na malaman da, wanda ake naɗe ƙafa a gabansa. A kansa dutsen niƙa tawada da alƙaluman gashi bakwai, farare tas kamar haƙoran jariri. Gwiwoyin Shugaba ba su san shi masani ba ne. Minti biyar in ya yi a zaune sai Gwaggo ta zo ta ɗaga shi. Saboda haka a bayan asabarin katako mai naɗewa, mai zanen tsaunuka da zalɓe, ya ɓoye kujerar tausa ta lantarki, kuma a cikinta yake yawancin nazarinsa, baki buɗe.

Kamar malaman da, ya raɗa wa kansa laƙabi, Gajimaren Kan Dutse, aka sassaƙa a allo aka kafa saman ƙofa. Maƙwabta suka taƙaita masa wahala suka kira shi Shehin Baho.

Bango ɗaya ya rage babu komai, sai idonsa ya faɗa kan kantar gidanmu.

Kakana Nam Deok-gu kafinta ne. Ya yi kantar nan da itacen kanya a shekarar da aka haifi babana, tsawonta ya ɗan fi na namiji, kuma babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, katako ne ya riƙe katako. Ba ta taɓa ɗaukar littafin kirki ba, sai na makaranta da gwangwanin allura. Amma kowace safiyar sabuwar shekara, bayan an durƙusa wa manya an sha miyar wainar shinkafa, Kakana yakan jingina kowane yaro da ƙafarta ta hagu, ba takalmi, ya ɗora masa ma'aunin kafinta a ka, ya ja layi da fensir, ya rubuta suna da shekara. Babana na nan, Gwaggo na nan, ni ina nan. Akwai kuma layi biyar na ƙanen babana, Yeong-ho, waɗanda suka tsaya daidai ƙugun babba, domin zazzaɓi ya ɗauke shi yana shekara bakwai. Ba mu da hotonsa. Layin nan biyar su ne shi. Da Kakana ya rasu, ni aka miƙa wa fensirin, don ni ce mai riƙe ranakun tunawa da sanin wa ya haifi wa.

Shugaba bai roƙa da bakinsa ba, girmansa ya wuce nan. Gwaggo ya turo. Ta zauna gaban Kaka tana murza yatsu, ta ce aron mako ɗaya ne, zai yi bikin buɗe ɗaki ranar Asabar. Kaka ba ta iya hana 'yarta. Ni na raka kantar a bayan mota, ina riƙe da ita kamar mara lafiya.

Sai da aka jingina ta da bango ya ga fensirin.

"Wane mara tarbiyya ne ya yi wa kayan tarihi wannan ƙazanta?"

"Kawu, tsawonmu ne."

"Shugaba."

"Shugaba, tsawonmu ne. Kakana Deok-gu ne ya ja. Ga na Gwaggo nan, ga na marigayi…"

"'Yar nan, kin yi sakandare kawai, ba laifinki ba ne. Tarihi abu ne mai tsafta." A gabana ya kira mai gyaran kayan katako. Mutumin ba shi da sarari sai Litinin. Litinin ɗin, in ji Shugaba, a bi ta da samfefa ciki da waje, a shafa mata fenti mai ƙyalli, ya mayar wa surukarsa da ita sabuwa fil don ta san ya iya alheri.

Na sami Gwaggo a baranda wajen firji. Ta ce, "Kin san halinsa. In na yi magana sai ya sa a goge yau." Kwana uku ina juya abin. Kaka tana da hawan jini, ina tsoron gaya mata. Da safiyar Asabar na gaya mata. Ta sa wandonta mai furanni na zuwa kasuwa, wanda ta yi shekara arba'in tana sayar da busasshen kifi a cikinsa, ta ce in nemo mana tasi. Ba a gayyace ta ba, domin katin gayyata ya ce taron na ma'abota ilimi ne.

Ma'abota ilimin suka iso da tsakar rana: tsofaffin ma'aikatansa, da dillalan baho, da abokan wasan golf. Shugaba ya tsaya a ƙofa cikin doguwar rigar malaman da, yana jiran naɗaɗɗun takardun hikima da tukwanen fure. Amma mutane sun ji an ce sabon ɗaki, sai suka riƙo abin da a al'adarmu ake kaiwa tarewa a sabon gida: damin takardar bayan gida da garin sabulu. Kowa da nasa, wani biyu. "Arziki ya warware kamar takarda, Shugaba! Ya yi kumfa kamar sabulu!" Kafin a zuba shayi tarin ya kai kafaɗar garmaho. Wani mai son taimako ya naɗe asabari don a sami wurin ajiya, sai ga kujerar tausa, da bargonta, da ɓawon gyaɗa.

"Ta matata ce," in ji Shugaba.

Sannan ya yi jawabi. "'Yan uwa, itace ba ya tsayuwa sai da saiwa. Ni kuka san ni da roba, amma jinina tawada ne. Duk abin da ke ɗakin nan ya ga zamanin sarakuna. In na zauna a nan, nakan ji magabata suna yi mini magana."

Babban baƙo shi ne Malam Pyo, tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya, mai shekara tamanin, wanda aka gayyato don ya yaba. Tsohon ya tashi da sandarsa ya fara zagaye. Ya shinshina kabad na farko. "Ruwan shayi aka shafa wa wannan ya tsufa." Ya ƙwanƙwasa na biyu. "Jikata ta girme shi." Ya leƙa bayan na uku, ya kau da kai don kunya. Shugaba yana biye da shi yana dariya, yana cewa Malam akwai barkwanci.

Da ya zo kan kantarmu sai ya jingine sandar. Ya bi gaɓoɓinta da tafin hannu, ya tsuguna da ƙyar, ya sa tabarau.

"Wannan fa? Daga ina?"

Nan Gajimaren Kan Dutse ya ga wurin sauka. "Gadon gidanmu ce, Malam. Ta kakan kakana ce, babban magatakarda a fada. Waɗannan layukan da kake gani, duk littafin da ya haddace sai ya ja ɗaya."

"Da fensir?"

"Mutum ne mai hangen nesa."

"Ye-sol," Kaka ta ce daga bakin ƙofa, inda take zaune a kan damin takardar bayan gida, "je ki karanta musu littattafan magatakarda."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙure da wuri haka ba. Na je. Ban ma buƙaci dubawa ba. Na ce wannan babana ne yana shekara shida. Wannan Gwaggo Mal-sun ce, shekarar da ta ciji mai yi mata allura. Wannan ita ce kuma, shekarar da ta yi ɗage aka kama ta, shi ya sa layin ya zama biyu. Aka fashe da dariya, har Gwaggo, tana rufe baki da hannun riga. Na sauko da yatsana ƙasa. Na ce waɗannan biyar na Yeong-ho ne, babu na shida.

Dariyar ta tsaya. Gwaggo ta juya ta fuskanci bango.

Malam Pyo ya miƙe a hankali. "Duk ɗakin nan, wannan ƙafar katakon ce kaɗai ba a sayarwa a kasuwa."

"To ka ƙare mata kallo, Malam," in ji Kaka. "Jibi surukina zai sa a bi ta da samfefa."

Tsohon ya juyo ya dubi Shugaba ta saman tabarau, irin kallon da ya yi shekara arba'in yana yi wa masu satar amsa.

"Ƙura!" in ji Shugaba. "Ƙura na ce a goge! Mama, ai kin san yaran yanzu ba sa saurare."

"Na sani, Mai Baho. Mu ma ƙurar gidanmu mun fi son mu goge da kanmu." Ta nuna mutum biyu cikin tsofaffin ma'aikatansa. "Kai da kai, ku kama. A hankali, ba roba ba ce."

Suka kama, ba su ko dubi Shugabansu ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Gwaggo ta gaya mini daga baya cewa gurbin da kantar ta bari bai yi kwana ɗaya a buɗe ba, takardar bayan gida ta cike shi har rufi, kuma ita kaɗai ce takardar da ake buɗewa a ɗakin.

Wata huɗu Shugaba bai taka gidanmu ba. Sai ga shi da sabuwar shekara, ya durƙusa wa Kaka gwiwoyinsa na ƙara, ya sha miya kwano biyu, ya gaya wa babana cewa shi ne ya fara gano darajar kantar nan, mu muna zaune da ita kamar jahilai. Ya tsaya yana kallo ina auna 'ya'yan yayana. Da aka watse zuwa falo, ina shirin mayar da fensir cikin gwangwani, sai na ji gyaran murya a bayana. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya je ya manna bayansa da ƙafar kantar, ya miƙe wuya kamar zakara.

"Ye-sol, 'yar albarka. Ja mini nawa. Ki rubuta Shugaba, kar ki sa suna kawai." Ya rage murya. "Amma ki tuna a cikin gida muke. Takalmina na bakin ƙofa, kuma akwai yatsa uku na tsawona a cikinsu. Ki ɗora mini su a kai, ya ɗan zarce na babanki."