Rasuwar Ɗan Ƙarfen Malam Yusha'u

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa lamari ga Mai Duka, ana sanar da rasuwar ɗan ƙarfen Malam Yusha'u na Wurno, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi, a gindin murhu.

Marigayin bai fi farcen babban yatsa ba. Irin ƙarfen da ake son gina tukunyar tashar nukiliya da shi ne. Shekara uku Yusha'u yana bin layi a ƙasar waje kafin a ba shi kwana tara a na'urar harba ƙwayoyin zarra. Aka yi ta luguden fuskar marigayin, don ya ji a jikinsa abin da tururin nukiliya kan yi wa ƙarfe cikin shekara arba'in. Ya jure. Iyakar maganarsa a duniya ita ce ƙwal-ƙwal cikin ɗan gwangwaninsa.

Tabon da luguden ya bari shi ne digirin Yusha'u na uku gaba ɗaya, kuma a fuska kaɗai ya tsaya, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Saura kawai a kai shi gaban madubin ƙara girma a karanta.

Sai Yusha'u ya biyo ta gida gaisuwa, da gwangwanin a aljihu, don bai yarda ya bar shi ko'ina ba. Gwaggo Sabuwa, wadda ta raine shi tun yana maraya, ta ɗauki rigarsa za ta wanke. Ta tarar da gwangwanin a aljihu, ta buɗe, ta ga ƙarfen ya dushe. Ita kuwa duk unguwar an san ƙyallin tukwanenta. Ta samo toka da yashin gulbi, ta zauna ta dirje shi.

"Wanga abu naka ya yi dauɗa," in ji ta. "Na gyara ma shi. Duba, awa madubi."

Ya duba, ya ga fuskarsa sarai, tabon ya tafi. Ya nemi wanda zai yi wa faɗa bai samu ba. Ya ce, "Allah shi saka, Gwaggo."

Marigayin ya bar gwangwani ɗaya, da babi huɗu na kundin digiri masu jiran na biyar, da farfesa mai duba aikin, wanda har yanzu ba a san yadda za a gaya masa ba.

Ba za a yi jana'iza ba, domin Gwaggo ta jera gawar a cikin kwanukanta. Ana karɓar gaisuwa a zaure bayan La'asar, cikin ƙasa da murya. Wanda ya shiga ciki ta nuna masa, iyalai na roƙon ya daure ya yaba ƙyallin.