Likitata a Lasifikar Masallaci

A masallacin layinmu na Badarawa ni ne gwanin waya. Ni na haɗa tawa da lasifika don a riƙa jin tafsiri, kuma sai da na tabbatar kowa ya san aikina ne.

Da damuwa ta hana ni barci, na samu wata likita da muke ganawa ta bidiyo a asirce. Gida akwai yara, shago akwai 'yan sa ido, don haka bayan La'asar na laɓe a bayan masallaci ina yaba wa kaina dabara. Na manta wayar da kanta take kama lasifikar.

Daga saman hasumiya muryar likita ta karaɗe unguwa: "Malam, wannan makon ma ka shiga banɗaki ka yi kukan?"

Na hau latse-latsen wayar. Ganin na ruɗe, ta ƙara da cewa, "Kada ka ji kunya, daga ni sai kai."

Ladan ya leƙo da buta, ya dube ni, ya koma ciki.

Barci dai ya dawo, alhamdulillahi. Amma har yau in na nufi banɗakin masallaci, sai ladan ya ce, "Malam, buta zan miƙo ko hankici?"