Taku Ɗari Biyu Daga Famfo

"…Gajiya kuma ai ni za a tambaya, mai tafiyar hawainiya. Tun rana ba ta ɗaga ba nake zaune a nan."

"Ina kwana kawai na ce, Tsoho. Ban ce ka karanto min laifina ba."

"Da na kwana lafiya, sai da na tuna da ke zan wuni."

A ƙofar lambun itatuwa suka haɗu, irin wanda ake manna wa kowace bishiya allo da sunanta, mutane su zo kallo. Ita nas ce, yau take hutu. A gida Uwar Musu ake ce mata, kuma wallahi ba a zalunce ta ba. Shi kuwa kakanta ne na wajen uwa, tsohon ma'aikacin lambun nan, ido ya fara hazo amma baki na nan garau. Tun tana goye take jin labari ɗaya a bakinsa: wai ya taɓa yi wa wata bishiyar lemo aure, ya tsaga reshenta ya dasa na wata a ciki, har ta riƙa haifar lemon zaƙi a dama, lemon tsami a hagu. Wai don marigayiya kakarta ya yi, lokacin tana da cikin mamarta, ba abin da take marmari sai tsami. Jikoki kaf ba wanda ya yarda. Jiya suka ƙulla alkawari: in ba a ga bishiyar ba, ya bar labarin har abada. In an gani, za ta tsotse lemon tsami guda ba tare da ta yamutsa fuska ba.

"Riƙe min hannu, amarya," ya ce da suka shiga.

"Amaryar wa? Allah ya tsare ni da ango mai haƙori huɗu."

"Biyar ne. Kin manta na can ƙurya."

"Wannan ai a haya yake, ya kusa tashi."

Ta dai riƙe hannun. Suka bi wata siririyar hanya da aka shimfiɗa wa tsakuwa, inuwa ta rufe su, tsuntsaye sai surutu suke yi a sama. Ta tsaya gaban wani allo ta karanto masa sunan boko mai tsawo, harshenta na tuntuɓe.

"Subhanallahi! Wannan sunan itace ne ko ciwon da kuke rubuta wa mutane a asibiti?"

"Ilimi ke nan. Kai me ka sani?"

Ya sunkuya da ƙyar, ya tsinci busasshen ganye a ƙasa, ya murtsuke shi, ya kai hanci.

"Turare ne. Mun dasa goma sha biyu a jere, uku gara ta cinye."

Ta duba ƙasan allon. Turare ne kuwa. Ta ƙirga bishiyoyin a ɓoye, tara cif.

"Sa'a ce," ta ce.

"Sa'a ce ta ba ki ni. Da a wani gidan aka haife ki, da yanzu ba ki san bambancin mangwaro da tsintsiya ba."

"Da a wani gidan aka haife ni, da na gaji hanci mai kyau."

"Hancin nan da kike zagi shi ya ciyar da uwarki."

Haka suka yi ta yi har suka kai wani tsohon famfo da tsatsa ta cinye wa wuya. Tsoho ya shafa shi kamar ya ga abokin ƙuruciya.

"Nan ne. Daga famfon nan, ka fuskanci gabas, taku ɗari biyu. Ni na ƙirga da ƙafata, don kada shugaban lambu ya gane inda na ɓoye ta. Ya hana mu wasa da itatuwan gwaji."

"Ashe tun da can kai mai laifi ne."

"Rufe baki, kar ki ɓata min ƙidaya."

Ya sa sanda gaba, ya fara. Ɗaya, biyu, uku. Tana biye da shi tana jefa masa arba'in da bakwai, sha tara, tamanin, yana kai mata duka da sanda yana kuskurewa da gangan. A ɗari da casa'in ya gyara hula. A ɗari biyu ya tsaya, ya miƙa hannu yana murmushi.

Hannun bai taɓa komai ba. Abin da ke gabansu wani kututture ne da aka sare tun tuni, kusa da kwandon shara.

Uwar Musu ta buɗe baki za ta yi guɗar nasara. Sai ta ga ya durƙusa yana shafa kututturen da tafin hannu, a hankali, kamar mai duba zazzaɓin yaro. A rayuwarta ba ta taɓa ganin bakin nan a rufe ba sai in yana barci, ko a barcin ma yakan yi gardama. Nasarar ta fita ranta gaba ɗaya.

"Sun sare ta," ya ce can ƙasan maƙoshi. "Shi ke nan. Kin ci. Ba za ki ƙara jin labarin ba."

Ta waiwaya ta dubi famfon. Ga shi can, ko nisa bai yi ba. Ta dubi ƙafafunsa, ta tuna yadda yake jan su kaɗan-kaɗan a kan tsakuwa.

"Tsoho, ranar da ka ƙirga takun nan, shekarunka nawa?"

"Ko talatin ban cika ba. Ƙafata kamar ta raƙumi, 'yan mata har leƙe suke…"

"To yau ƙafar ta kaza ce! Ka auna da takun saurayi, ka dawo nema da takun tsoho. Zauna nan, kar ka motsa."

Ta koma famfo da gudu, ta tattare zane, ta fara jefa ƙafa kamar sojan da aka yi wa ƙarin girma, tana ƙirgawa da ƙarfi. Masu yawon kallo suka tsaya suna dariya. A ɗari da goma ta wuce shi.

"Jama'a, ba 'yar gidanmu ba ce!" ya ɗaga murya. "A hanya na tsince ta!"

Muryarsa ta dawo. Ta ƙara faɗin taku.

A ɗari biyu ta zagaya bayan wani cincirindon gora, sai ga ta. Tsohuwar bishiyar lemo, gindi duk tsagu, ta rabu biyu daga daidai ƙugu. Reshen dama ɗauke da manyan 'ya'ya sun fara ja, na hagu kuwa ƙanana, kore shar. Ta tsaya baki sake. Sannan ta koma ta jawo shi.

Ya bi gindin da yatsu har ya kai wani kumburarren tabo a inda rassan suka rabu, ya tsaya a nan.

"Ga ɗaurina," ya ce. "Da bakin zanen kakarki na ɗaure shi. Kwana uku tana min faɗa."

"Baba, ba a taɓa itatuwa!" Mai ban ruwan lambun ne, wani magidanci da tiyo a kafaɗa. Da Uwar Musu ta faɗa masa wanda ke gabansa, sai ya yar da tiyon ya cire hula. Ya ce shekararsa goma sha biyar a nan, duk shekara ɗalibai na zuwa kallon bishiyar, kowa na tambayar aikin hannun wane ne, ba mai amsa. Ya waiga hagu da dama, ya tsinko ɗaya daga kowane reshe, ya damƙa wa tsohon.

Tsoho ya sansana su, ya jefa mai zaƙin a aljihu, ya yanka ƙaramin da 'yar wuƙarsa ya miƙa mata.

"Bisimilla, Uwar Musu. Fuska kuma a sake."

"Ni fa na nemo maka ita!"

"Da ƙafa kika nemo. Alkawarin da baki kika yi shi."

Ta kai baki ta tsotsa. Ido ɗaya ya rufe, wuya ya shige kafaɗa, hawaye suka zubo shar.

"Kin faɗi! Kakarki uku take shanyewa a tsaye a nan, ko ƙifta ido ba ta yi."

Ta fashe da dariya, tana share fuska da gefen mayafi, ita kanta ba ta san rabon lemon a hawayen ba.

"Na faɗi, angona. Ka ci." Ta zauna a gindin bishiyar ta jawo hannunsa. "Zauna ka ba ni labarin. Daga farko. Ban taɓa saurara ba."