Katakon Maitama Ya-ga-Birni

Tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan, garin Tsiga ya yi sa'ar mutum guda wanda ya san komai. Sunansa Maitama. Allah ya ba shi kai mai ɗaukar rawani, da murya mai kaiwa bayan gari, ya kuma ba shi tafiya ɗaya tak zuwa Kano cikin ayarin masu auduga, inda ya kwana huɗu yana tsaron jakuna. Kwana huɗun nan ya yi shekara goma sha biyu yana ci bai ƙare ba. Ko gishiri ne ya yi kaɗan a miya, sai ya gyara zama ya ce, "A birni ba haka ake yi ba." Don haka mutanen gari suka sa masa Ya-ga-Birni. Shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

A Kanon ne aka aike shi gidan wani Balarabe, ya leƙa zaure ya ga abin da ya hana shi sukuni. An haƙa babban alkuki a bango, an gitta katako hawa uku a ciki, an jera littattafai a kai. Ko zama bai yi ba aka sallame shi, amma mutum irin Maitama kallo ɗaya ya ishe shi.

Wata bazara aka ji mai gari na neman wanda zai shugabanci gyaran ganuwa bayan kaka. Maitama ya ga ranarsa ta zo, saura kawai ya nuna wa ƙauyawa gini. A zaurensa akwai alkukin da ake ajiye fitila. Ya sa aka sare maɗacin gonarsa, masassaƙi ya yi kwana ashirin da gizago har ya fitar da katako uku. Awo kuwa Maitama ne ya yi da kansa, da ido, daga nesa, kada ƙasa ta taɓa masa riga.

Katako ya iso, faɗin kowanne ya fi zurfin alkukin da taƙi biyu.

Mudi magini, dattijon da ya gina zauren tun Maitama na goye, ya zo ya ƙwanƙwasa bangon ya saurara.

"Malam Maitama, a rage katakon," in ji shi. "Bangon nan ba shi da kauri, kuma bayansa ɗakin Inno ne."

Inno tsohuwa ce mai sayar da daddawa, bango ɗaya ya raba ta da Maitama.

"Baba Mudi, kai laka ka sani, ni na san gini. A birni ba a rage katako. Bango ake koya wa ladabi."

Mudi ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Kwana uku Maitama yana ƙwaƙular alkuki da tsohon lauje, matarsa Hansai na kwashe ƙasa. A ƙwarya ta bakwai ta tsaya.

"Malam, ina jin tarin Inno kamar a zauren nan take."

"Alamar gini mai kyau ke nan. Numfashi yake yi."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya gayyato mai gari da liman da dattawa. Katako biyu sun riga sun shiga, an ɗora musu gafaka huɗu masu ƙiba, irin ta manyan malamai. Na ukun ya bari don a ga yadda ake yi. Ya tsaya a tsakiyar zaure, ya naɗe hannun riga.

"Ranka ya daɗe, abin da za ku gani yau, daga nan har Kafur babu idon da ya taɓa gani. Ban yi don kaina ba. Tausayin garin nan ne ya kama ni. Wanda ya iya wannan, ganuwa ai wasa ce a wurinsa."

Ya cusa katakon, katakon ya cije. Ya karɓi taɓarya daga hannun Hansai ya buga, bai motsa ba. Ya ji idanun dattawa a bayansa, gumi ya fara bin ƙeyarsa. Ya ja da baya ya buga da ƙarfin da Allah ya ba shi.

Bangon bayan alkukin ya rufta gaba ɗaya. Katako uku suka zarce ciki. Da ƙura ta lafa sai ga Inno a zaune da faifan daddawa a cinya, ƙasa har gira. Ta dubi mai gari, ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta juyo.

"Maitama, in daddawa kake so, ai ina da ƙofa."

Gafaka ɗaya ta faɗo gaban liman, bakinta ya buɗe. Auduga ce cunkus a ciki. Liman ya jujjuya ta, ya miƙa wa mai ita da hannu biyu, ya ce shi dai karatunsa bai kai nan ba.

Maitama ya karɓa, ya mayar da audugar ciki.

Damina na ƙofa, mai gari ya ce a toshe wa tsohuwa ɗaki kafin ruwa ya sauka. Mudi ya duba ya ce in aka zare katakon sauran bangon zai biyo shi, don haka ya yaɓe da su a ciki, ya daidaita su sarai. Ta wajen Maitama abin da ya rage bai fi faɗin yatsa uku ba, ko fitila ba ta zama a kai. Ta wajen Inno kuwa hawa uku ne lafiyayyu, ta jera ƙorenta da akusanta. Gyaran ganuwa aka ba Mudi.

Mata suka riƙa zuwa har daga Kafur don ganin ɗakin Inno. Maitama kan zauna a ƙofar gida, duk wadda ta wuce ya shaida mata dabararsa ce. In sun shiga sun tambayi tsohuwar, ba ta tauye masa haƙƙi.

"Mudi ne ya gina," takan ce. "Amma gaskiya Maitama ne ya riƙe taɓarya."