Rasuwar Tsakuwar Murjani ta Akwatin Kifinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa da har yanzu suke ƙarnin ruwan gishiri, ni mai gyaran tabarau da ke hawa na huɗu nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Tsakuwar Murjani, wadda ta shekara goma sha ɗaya kwance a ƙasan akwatin gilashin da muke kiwon kifin teku a falo. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar farin dutsen teku ce da aka farfasa ƙanana. Yayana ne ya shigo da ita gidan nan a buhu biyu, lokacin da muke zaune tare, mu biyu, shago ɗaya, tukunya ɗaya. Shi ya wanke ta a rariyar kicin har sau bakwai, ya shimfiɗa ta da tafin hannunsa, ya yi mata tudu a kusurwar hagu. Yau shekara biyu ke nan da Yaya ya riga mu gidan gaskiya, kuma tudun nan ban taɓa rushe shi ba sai ranar Talatar nan.

Duk wanda ya san ta zai yi mata kyakkyawar shaida. Ba ta taɓa barin ruwa ya yi tsami ba. A hankali take narkar da jikinta domin kifaye su rayu, ba ta kuma taɓa goranta wa kowa ba. Mai nauyi ce, mai kamun kai. Komai ƙarfin famfon da ke juya ruwan akwatin ba ta tashi ta turbuɗe ruwa irin na yashi. Ba ta da surutu. In na zura tiyo ina tsotse dauɗa ranar hutu, iyakar maganarta ƙaras, ƙaras, sai ta koma ta kwanta. Akwai makonnin da wannan ce kaɗai amsar da nake samu a gidan nan.

Amma ba a yabon mamaci da ƙarya. Marigayiyar tana da riƙo. Ragowar abinci, kashin kifi, duk abin da ya faɗa tsakanin ƙwayoyinta sai ta ɓoye a ciki ya ruɓe, fuskarta kuwa fara tas. Da tafiya ta yi nisa sai gansakuka ta rufe ta, ruwan ya fara wari. Mai shagon kifi ya gwada ruwan sau uku, ya ce dauɗar ta zama guba, in kwashe ta in zuba yashi mai laushi. Na ce masa zan yi shawara, alhali babu wanda zan yi shawarar da shi.

Sai da abin ya taɓa Mai Gadi, wani ɗan kifi mai son tona rami ya leƙo da kai. Kaifin tsakuwar ya goge masa ciki, ciwon ya ƙi warkewa a gurɓataccen ruwa. Na tarar da shi ranar Litinin a bakin raminsa, ya juya ciki sama. Washegari na sa kofi na kwashe ta, na bar tudun Yaya sai ƙarshe. Tudun kofi huɗu ne kacal ashe.

Ta rasu ta bar kifaye biyu masu ruwan lemo, Ango da Amarya, waɗanda yanzu suke shawagi a kan sabon yashi kamar ba a yi komai ba. Ta bar dodon koɗi uku, da famfo mai tari, da ni.

Za a yi mata wanka ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a banɗakin gidan, sannan a kai ta makwancinta a gindin bishiyar da ke bayan wurin ajiye motoci. Ba sai an kawo komai ba. Kujeru shida ne a falo, duk na goge su. Ana dai neman mutum biyu da za su taimaka da ɗauka, domin bokiti uku ne, matakalar kuma tana da tsawo. In ba a samu ba, babu damuwa, zan yi sawu uku.